Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Kwamitin Ɗakin Gwajin Aisotof

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, barka da sauka. Hidimarka ga ilimi ba sai mun zayyana ba, duk wanda ke zauren nan shaida ne. Da izininka za mu fara da abin da ya hana mu barci: famfon da ke zuƙe iska daga na'urarmu ta raba aisotof ya mutu, muna roƙon sabo. Aisotof su ne zarra (ƙwayoyi mafi ƙanƙanta) na sinadari ɗaya waɗanda nauyinsu ya bambanta.

Aikin nan yana da asali. A 1913 masanin kimiyya J.J. Thomson ya ga alamar iskar neyon iri biyu ce, mai nauyi 20 da mai 22. Mataimakinsa Francis Aston ya ƙera na'urar tantancewa a 1919, ya karɓi kyautar Nobel a 1922. A Oak Ridge ta Amurka kuwa, da tagulla ta yi wuya lokacin yaƙin duniya na biyu, azurfa fiye da tan 14,000 aka aro daga baitulmali aka naɗa maganaɗisun na'urorin raba aisotof. Mu da muka gaji sana'ar, ba azurfa muke nema ba, famfo ne kawai, ga takardunmu sun daɗe a kan tebura.

Ga yadda na'urarmu take aiki, ranka ya daɗe. Siririyar waya mai zafi tana feso lantarki, ya fizge ilektaron ɗaya daga kowace zarra, ta zama mai caji. Sai a ingiza ta da bolt 2,000 cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 0.3, ya lanƙwasa tafiyarta. Mara nauyi ta fi saurin lanƙwasa: neyon 20 na kewayawa a tazarar santimita 9.6 daga tsakiya, neyon 22 a kusan 10.1. Bayan rabin da'ira sun rabu da kusan santimita ɗaya, kowacce ta faɗa ramin tarkonta.

Duk wannan sai iskar cikin bututun ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biliyan na ta waje. In ba haka ba, zarra su yi ta karo da iska su warwatse, wayar kuma ta ƙone.

Buƙatarmu ta biyu ita ce na'urar daidaita wuta. Dalma 206 da 207, da ake auna shekarun duwatsu da su, rabin milimita ne tsakaninsu a irin wannan da'ira. Wutar maganaɗisu ta ɗan yi rawa, sun cakuɗe. Wannan za ta iya jira. Famfon ne ba zai jira ba, yallaɓai, kuma takardar buƙatarsa na cikin fayil ɗin da ke gabanka.

Allah ya mayar da kai gida lafiya.