Harajin Lemon Kwalba: Wa Yake Biya, Wa Yake Amfana?

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya sayi lemon kwalba a birnin Kano, ko a kanti ne, ko a hannun yaro mai talla a bakin danja, ko kuma katan-katan ya saro a Kasuwar Singa domin hidimar biki, yana biyan wani haraji da mafi yawan jama'a ba su san da zamansa ba. Harajin naira 10 ne a kan kowace lita ɗaya ta lemon da aka zuba wa sukari. Ya shigo ne ta Dokar Kuɗi ta 2021, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen wannan shekarar, sannan Hukumar Kwastam ta soma karɓarsa daga kamfanoni a 2022. Kamfani ne ke miƙa kuɗin, amma a ƙarshe daga aljihun mai sha suke fitowa. Dalilan da gwamnati ta bayar guda biyu ne: rage shan sukari saboda ƙiba da cututtukan da ke biye da ita, da kuma samar da kuɗin shiga. Abin da za mu duba shi ne ko wannan hanya ta adalci ce.

Sai mu fara da abin da ke cikin kwalbar, domin a nan hujjar masu goyon bayan harajin take da ƙarfi. Galibin lemon da muka saba sha yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Ke nan robar rabin lita, wadda matashi kan shanye a zama ɗaya bayan ya ci gurasa ko shinkafa da wake, tana ɗauke da giram 50 ko fiye. Cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 4, saboda haka muna maganar cokali 12 zuwa 13. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50, ta kuma ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Roba guda ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a lissafa shayin safe da kokon da aka zuba wa sukari ba.

Abin da ya bambanta sukarin sha da na ci shi ne yadda jiki ke karɓarsa. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi, cikinsa zai sanar da shi ya dakata. Wanda ya sha lemo kuwa ba ya jin ƙoshin da ya yi daidai da abin da ya shiga jikinsa, sai ya ci abincinsa kamar yadda ya saba, lemon ya zama ƙari. Sukarin yana shiga jini da sauri, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin domin ya daidaita shi, hanta kuma ta mayar da wani ɓangare kitse. Idan aka shafe shekaru a haka, haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu yana ƙaruwa, ga ruɓewar haƙori musamman ga yara. Duk wanda ya taɓa raka majinyaci ɗakin masu ciwon suga a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala ya san abin da ake nufi: layi tun da asuba, gwajin jini, allura kullum, wani ido ya soma dishi-dishi, wani kuma gyambon ƙafa ya ƙi warkewa. Kuma a Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, hidima ce ta tsawon rai, kuma takan girgiza tattalin gida dukansa.

To, shin haraji yana sa mutane su rage sha? An gwada a wurare da dama. Ƙasar Meziko, wadda tana cikin ƙasashen da suka fi shan lemo a duniya, ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace lita a farkon 2014. Binciken da aka yi a kan sayayyar magidanta ya nuna sayen lemon da harajin ya shafa ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, ya ƙara raguwa a ta biyu, kuma gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ragewa. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2018.

Amma tsarin Birtaniya ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. An sanar da shi a 2016, aka ba kamfanoni shekara biyu su shirya, ya fara aiki a watan Afrilu na 2018. Ba a yi wa duk lemo kuɗin goro ba. Lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba, babu haraji a kansa ko kaɗan. Wanda yake tsakanin giram 5 da 8 aka sa masa feni 18 a lita (feni 100 ne fam ɗaya na kuɗin Birtaniya), wanda ya kai giram 8 ko ya wuce kuma feni 24. Da kamfanoni suka yi lissafi, da yawansu suka ga ya fi musu sauƙi su rage sukarin tun daga masana'anta a kan su biya. Tsakanin 2015 da 2019, yawan sukarin da ke cikin lemukan da dokar ta shafa ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. Mai saye bai daina shan lemonsa ba, kamfani bai rufe ba, amma abin da ke shiga jikin mutane ya canja. A ganina wannan shi ne darasi mafi muhimmanci a cikin maganar gaba ɗaya, domin ya ɗora nauyin gyara a kan wanda yake zuba sukarin, ba a kan wanda ƙishirwa ta kama ba.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa raguwar sayen lemo daban, raguwar ƙiba daban. Hujjar farkon tana da ƙarfi, ta biyun kuwa ba ta kai ta ba. Wani bincike na Jami'ar Kambirij ya danganta harajin Birtaniya da raguwar ƙiba a tsakanin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 11, musamman a unguwannin marasa galihu, amma bai ga irin wannan ga yara maza ba. Ƙiba tana da sabubba da yawa: yawan ci, mai, rashin motsa jiki, zaman ofis da na kanti, gado. Wanda ya ce haraji kaɗai zai kawar da ita ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafin namu. Naira 10 a lita tana nufin naira 5 a robar rabin lita. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin lemo ya ninka, amma harajin yana nan yadda aka yanka shi, saboda adadi ne tsayayye, ba kaso na farashi ba. Idan ana sayar da roba naira 400, to naira 5 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2016 ta ce harajin da zai yi tasiri sosai shi ne wanda zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100. Babu wanda zai fasa shan lemo mai sanyi a zafin Afrilun Kano saboda naira 5, kuɗin da a yau ko alewa ba za su saya ba. Haka kuma tun da kuɗin goro ne, kamfanin da ya rage sukari da wanda ya ƙara duk abu ɗaya za su biya, saboda haka babu abin da zai zaburar da kowa ya gyara. Shi ya sa ƙungiyoyin fafutukar lafiya suke kira a ƙara shi ƙwarai, yayin da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya take cewa ƙarin zai taɓa ayyukan yi a daidai lokacin da wutar lantarki da dizal da kuɗin waje suka riga suka shaƙe masana'antu. Wannan koke ba abin wasa ba ne a garin da ya ga yadda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa suka yi ta rufewa, kuma a bayan kowace kwalba akwai direba da ɗan dako da mai firji da mai sayar da ƙanƙara.

Babbar hujjar masu adawa ita ce harajin ya fi cizon talaka. Gaskiya ne. Naira 50 a wurin mai tura baro ba daidai take da naira 50 a wurin attajirin Nassarawa ba, kuma duk harajin da aka ɗora a kan abin saye haka halinsa yake. Masu goyon baya sukan amsa da cewa ai cutar ma talakan ta fi cizo, domin shi ne ba zai iya sayen insulin wata bayan wata ba, shi ne yakan gano yana da ciwon bayan ya riga ya ci jikinsa, kuma shi ne ya fi rage sha idan farashi ya hau, don haka shi ya fi cin ribar lafiyar. Amsar tana da nauyi, amma ba ta cika ba sai an san inda kuɗin suka nufa. A Najeriya dokar ba ta keɓe wannan haraji ga harkar lafiya ba, yana shiga asusun gwamnati ne ya gauraya da sauran kuɗaɗe. Mutumin da aka karɓi kuɗi a hannunsa da sunan lafiyarsa, sannan ya je asibitin unguwa bai tarar da ko abin gwajin suga ba, yana da haƙƙin ya ce ba a yi masa adalci ba.

Akwai kuma wani al'amari da ya keɓanta da mu, wanda mai kwafo tsari daga Turai zai iya tsallakewa. Mafi yawan sukarin da Bakano yake sha ba lallai ne ta kwalba yake zuwa ba. A tsaya a teburin mai shayi da safe a kalli hannunsa: cokali uku, huɗu, wani lokaci biyar a kofi ɗaya, ga madara, kuma in ya rage sai mai saye ya ce shayin bai ji ba. Ga zoɓo da kunun aya da lamurje da ake ɗurawa a roba a gida, ga sukarin da ake zubawa a fura da koko, ga abin da ake haɗawa na buɗa-baki a watan azumi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Kwastam za ta iya bi, kuma bai kamata a yi tunanin binsu ba, domin sana'o'i ne da mata da yawa suke riƙe gida da su. Amma idan lemon kamfani ya yi tsada mutum ya koma zoɓon da aka cika wa sukari, lissafin kamfani ne ya ragu, na jikinsa yana nan. A nan wayar da kai ta fi haraji aiki, ta rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya da wurin awon ciki.

Sannan dole a tuna cewa ƙasarmu tana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, amma shi dai wannan binciken ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki wannan matsala. A gari guda ana fama da teɓa ana fama da tamowa. Ga kuma al'adarmu da ta daɗe tana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, har a ce wa mutum ya yi kyau, ya murje. Saboda haka idan aka tallata harajin da sunan yaƙi da ƙiba kaɗai, mutane da yawa ba za su ga ya shafe su ba. Idan aka ce ciwon suga da hawan jini, kusan kowane gida yana da wanda zai tuna.

Ra'ayina shi ne sa haraji a kan lemon zaƙi ba zalunci ba ne a asalinsa. Lemo ba gero ba ne, ba shinkafa ba ne, babu wanda rayuwarsa ta dogara da shi, kuma jama'a ce take ɗaukar wani ɓangare na asarar da yake jawowa. Amma yadda harajin yake a yanzu, ya yi ƙanƙanta da zai canja ɗabi'a, bai bambanta mai sukari da yawa da mai kaɗan ba, kuma ba a ganin inda kuɗinsa suke sauka. Abin da zai gyara shi a bayyane yake. A auna shi da yawan sukarin da ke cikin kwalba kamar yadda Birtaniya da Afirka ta Kudu suka yi, a ba kamfanoni wa'adi su rage, a riƙa sabunta adadin yadda hauhawar farashi ba za ta cinye shi ba, sannan doka ta ware kuɗin ga gwajin suga da hawan jini kyauta a asibitocin matakin farko, da sassauta farashin insulin. Wani kaso kuma ya tafi ga ruwan sha, domin ba daidai ba ne a ce wa mutum ya bar lemo ya sha ruwa alhali famfon unguwarsu ya shekara bai kawo ba, sai ya saya a wurin 'yan ga-ruwa. Hukumar NAFDAC kuma za ta iya tilasta a rubuta yawan sukarin a gaban kwalba da manyan baƙi, da lissafin cokali, yadda uwar da za ta saya wa ɗanta za ta gane ba sai an yi mata bayani ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke da ikon gyara dokar, kuma Kano tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 24 da za a iya tambaya nawa aka tara daga 2022 zuwa yau, kuma me aka yi da su.