Daga Gasar Kwana Biyu Zuwa Kwafi Miliyan: Yadda Ra'ayin 'Yan Wasa Ya Raka Wani Wasan Kati

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Teburin katakon da kuke gani a allo, da katunan dabbobi a jere da sikeli a gefe guda, na wasan Inscryption ne, wanda ya samo asali daga wani ɗan ƙaramin wasan kwamfuta da Daniel Mullins, wani maƙirƙiri ɗan ƙasar Kanada, ya haɗa a ƙarshen shekarar 2018 domin shiga zagaye na 43 na gasar Ludum Dare. Ita wannan gasa, wadda aka fara tun shekarar 2002, tana bai wa mai aiki shi kaɗai sa'o'i 48, masu aiki a ƙungiya kuma sa'o'i 72, su ƙirƙiro wasa daga tushe a kan wani jigo da ba a sanar da shi sai lokacin da aka buɗe fage. Jigon wancan zagaye shi ne cewa dole a sadaukar da wani abu, kuma da shi Mullins ya raɗa wa wasansa suna, wato Sacrifices Must Be Made.

Dokar da wasan ya ginu a kanta ba ta da tsawo. Katin kurege ba ya buƙatar komai kafin a ajiye shi a tebur, amma duk dabbar da ke da ƙarfi sai an biya kuɗinta da jini, wanda ba a samunsa sai ɗan wasa ya sadaukar da katunan da ya riga ya ajiye. Kowace ɓarna da aka yi wa abokin karawa nauyi ce a kan sikeli, kuma wanda ya rinjayar da shi shi ne ya ci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rufe gasar ba shi ne ƙarshen aiki ba. Bayan an miƙa wasanni, akan shafe kimanin mako uku mahalarta suna buga na junansu, suna ba da maki daga ɗaya zuwa biyar a fannoni kamar nishaɗi, sabon tunani, bin jigo, zane, sauti da yanayin da wasa ke jefa mutum a ciki. Wasan da bai samu maki daga mutum 20 ba, ba ya shiga jerin sakamako, kuma an tsara abin ta yadda wanda ya fi duba aikin wasu shi ne aikinsa zai fi fitowa fili. Wannan tsari yana da amfani, sai dai yana da gefen da ya kamata a lura da shi, domin mai ba da makin shi ma ɗan gasa ne da ke da tarin wasanni a gabansa, ba zai daɗe a kan guda ba, kuma sau da yawa kunya da sanin wahalar aikin sukan sa ya sassauta harshe.

Ga wasan kati, wannan gajeren zama ya fi zama matsala fiye da sauran wasanni. Wanda ya buga zagaye biyu ya sha kaye yakan ce wasan ya yi tsauri ko kuma sa'a ce kawai ke aiki, alhali wataƙila bai gane cewa zai iya sadaukar da katinsa ba, saboda babu abin da ya nuna masa hakan a allo. Ƙorafin gaskiya ne, amma dalilin da ya bayar ba lallai ne ya zama daidai ba. Mai ɗanɗana miya zai iya rantsewa cewa wani abu bai ji ba, amma mai girki ce ta san ko gishiri ne ko daddawa. Shi ya sa, a ganina, bayanin da ya fi daraja shi ne wanda ɗan wasa ya faɗi a daidai ina ya rikice, wane kati ya bari a hannunsa bai taɓa amfani da shi ba, da kuma lokacin da ya ji yana son sake wani zagaye. Shawarar cewa a ƙara wa kati kaza ƙarfi tana zuwa a baya, domin a irin wannan wasa taɓa lamba guda kan jirkita ƙimar sauran katunan gaba ɗaya.

Karɓuwar da ƙaramin wasan Mullins ya samu ta sa ya faɗaɗa shi zuwa Inscryption, wanda kamfanin Devolver Digital ya fitar ranar 19 ga Oktoba, 2021. Zuwa watan Janairun 2022 an sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, kuma a shekarar 2022 ɗin ya lashe babbar kyautar bikin wasanni masu zaman kansu na IGF.

A nan ne ra'ayin 'yan wasa ya sake shigowa, kuma wanda bai buga wasan ba ya yi haƙuri, domin za mu ɗan tona asiri. Bayan kashi na farko, wanda ake yi a cikin bukkar katako mai duhu, Inscryption yakan sauya kama gaba ɗaya, ya koma wani salon zane da wasu dokoki dabam. Wasu sun yaba da wannan bazata, amma da yawa sun ce zuciyarsu ta tsaya a bukkar, wato a ɓangaren da ya fi kama da ainihin wasan gasar. Mullins bai rushe labarinsa don ya faranta musu ba, bai kuma toshe kunnensa ba. Sai ya fitar da ƙari na kyauta mai suna Kaycee's Mod, wanda ya mayar da kashi na farko wasan da ake maimaitawa, tare da ƙalubalen da ke ƙara tsauri mataki bayan mataki. Ya fara sakin sa a matsayin gwaji a watan Disambar 2021, domin 'yan wasa su buga su faɗi inda ma'auni ya karkace, kafin cikakkensa ya fito a watan Maris na 2022.