Me Ya Sa Ƙananan Kamfanoninmu Ba Sa Iya Sayar Wa Soja Kaya?

Jama'a, assalamu alaikum.

A ce matasa uku da suka gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina sun kama shago a Ƙofar Ƙaura, sun haɗa ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamarar da ke gano ɗumin jikin mutum cikin dare. Sojan da ke sintiri a bakin dajin Rugu, ta wajen Batsari ko Safana, irin abin da yake buƙata ke nan. To ta yaya zai kai hannunsa?

A nan gizo ke saƙar. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya, a tsarin da ya ginu kan dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, yawanci sai ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da rahoton mai binciken kuɗi, da takardar hukumar fansho, da shaidar ya taɓa yin aiki makamancin wannan. Kamfanin da aka yi wa rajista bara, ina zai samo su? Ko ya tsallake, akwai jiran biya. Babban ɗan kwangila zai iya jure wata da watanni. Waɗannan yaran kuwa jarinsu na cikin batura da injinan da suka sayo da dala, ga kuɗin haya, ga man janareta. Kafin fayil ya bar tebur na uku, sun rufe shago sun koma gyaran waya. Wannan asara ce da ke ci mini rai, domin ƙauyukanmu ne ke biyan kuɗinta.

Wasu ƙasashe sun gano bakin zaren. A 2015 Amurka ta kafa wani sashe na musamman a ma'aikatar tsaronta, DIU, wanda ke bayyana matsalar da soja ke fuskanta a taƙaice, kamfani ya amsa da 'yan shafuka, a ba shi kuɗin ƙera samfuri cikin watanni kaɗan. Idan samfurin ya ci gwaji, sai a yi maganar saye da yawa. Yukiren ma ta buɗe shirin Brave1 na tallafa wa kamfanoni masu ƙera kayan tsaro a 2023, kuma a can sojan da ke fagen daga ne ke gaya wa injiniya abin da ya lalace, a gyara, a mayar masa.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Rundunar sojin sama ta ƙaddamar da jirginta mara matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018. Kamfanin ƙera makamai na DICON, da ke Kaduna tun 1964, ya samu sabuwar doka a 2023 mai ba shi damar haɗa hannu da 'yan kasuwa.

Abin da ya rage shi ne ƙaramar ƙofa. A ware kuɗi na gwaji kawai. A sassauta takardu ga ƙaramar kwangila, amma a tantance mutanen da kyau, domin jirgin da zai taimaki soja zai iya taimakon ɗan bindiga idan ya faɗa hannunsa. A ba da kuɗin kafin alƙalami, a sa ranar biyan cikon a rubuce. Gwajin kuma a yi shi nan, tare da dakarun Birged ta 17 da ke Katsina, a cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, inda batir ke saurin mutuwa, kyamara ke dushewa. Wanda ya faɗi gwaji a gaya masa dalili, ya je ya gyara ya dawo.