Tarin fuka: wa aka ƙirga, wa aka bari a baya?

Assalamu alaikum. Malamai, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana kan yadda za a gane ko sa ido kan tarin fuka yana aiki a Najeriya. Ga yadda lissafin ke tafiya. Mutum ya yi mako biyu yana tari, ya je asibiti, a miƙa masa 'yar roba ya tofa kaki, a sa a na'urar GeneXpert, cikin kamar awa biyu sakamako ya fito. Ma'aikaciya ta rubuta sunansa a rajista. Duk wata uku jami'in ƙaramar hukuma ya tattara ya kai jiha, jiha ta tura Abuja.

To, rajista ba ta san kowa ba sai wanda ya zo gabanta. A 2012 aka yi binciken ƙasa na farko, ma'aikata suka shiga unguwanni da ƙauyuka da na'urar hoton ƙirji. Cikin kowane manya dubu 100, aka samu 524 ɗauke da ƙwayar cutar a kakinsu. Dole Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ƙiyasinta na yawan masu cutar a Najeriya sosai. A waɗancan shekarun, rahotonmu na waɗanda aka gano a shekara bai cika wuce mutum dubu 100 ba. A 2022 ya haura dubu 285. Kada wannan ya tsorata ku, jama'a. Neman ne ya ƙaru, dama mutanen suna nan.

Ina suke kafin nan? Da yawa suna kemis. Magidanci ya sayi maganin tari na kwalba, ya ƙare, ya sake saye, yana ramewa, yana gumi da dare, yaransa na kwana ɗaki ɗaya da shi. Wani kuma asibitin kuɗi ya je, aka gano cutar, amma ba wanda ya kai rahoto. Wallahi abin na ci mini rai, don maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha a warke.

Ku da ke aiki a asibiti, ga gwajin da ba ya buƙatar ko kwabo. Ku ɗauko littafin ɗakin gwaji, ku ajiye shi kusa da rajistar masu shan magani, ku bi suna bayan suna. Duk wanda gwaji ya tabbatar yana da ita amma babu shi a littafi na biyu, ku nemo lambar wayarsa ku kira shi a ranar.