Zazzaɓin da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku. Ni ba likita ba ce. Maigidana na yi jinya, sankarar jini irin wadda likitoci ke kira AML, kuma abin da na koya a bakin gadonsa shi na kawo muku.

Ciwon nan a ɓargo yake, inda jiki ke ƙera jini. Shi kuma kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ba ya tantancewa, duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa kashe ta yake, mai cuta da mai lafiya. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin gyambo. A zagayen farko kwana 7 ana ɗura masa wani maganin kemo mai suna cytarabine ta jijiya, a kwana 3 na farko ana haɗawa da wani mai suna daunorubicin. Ranar da aka gama na yi hamdala, na ɗauka an ƙetare. Ashe wuyar tana gaba. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani ne fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa warwas, mutum ya zama gida babu mai gadi.

A nan nake so ku tsaya da ni. Bayan zagaye na biyu muna gida, wajen ƙarfe biyu na dare na ji gado yana rawa, haƙoransa suna kaf-kaf. Har hannuna ya kai kan farasitamol, sai na tuna gargaɗin nas: a fara aunawa, domin maganin yana ɓoye zazzaɓi. Ma'aunin ya nuna 38.4. Ya riƙe hannuna ya ce, "Haba, ki bari gari ya waye." Na ce, "Yi haƙuri maigida, yau ba zan ji maganarka ba." Ga mai shan kemo, da zarar zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti ake nufa nan take, saboda ƙwayar cuta kan mamaye jini cikin 'yan sa'o'i. Ana so a fara yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da isa. Da kun shiga, ku faɗi ranar da ya karɓi kemo na ƙarshe, kada a ajiye ku a layi.

Sai zubar jini. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini, a lafiyayye ba sa gaza 150,000. Nasa sun taɓa sauka ƙasa da 10,000, sai da aka yi masa ƙari. Na fara ganewa ne da ɗigon jini a kan matashi, da jajayen ɗige-ɗige a ƙwaurinsa kamar tsinin allura. Babu asfirin, babu ibuprofen. Wajen goge haƙori, buroshi mai taushi kawai. Mai tari ko mura ya yi gaisuwa ta waya, ko da zai ji haushi.

Za a yi ranar da mara lafiyar zai ture kwano ya daka miki tsawa. Wallahi na sha shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito. Daga baya ya ce min tsoro ne, ba ni ba ce. Kuma ku maza masu jinyar matanku, da ku nake. Duk wanda ya ce "me zan taimaka da shi?", kada ku ce ba komai. Ku ce ya je ya ba da jini, ko ya kwana da mara lafiyar dare ɗaya ku samu ku runtsa.