Amsoshin Tambayoyinku: Karatun makafi da kurame da guragu a ƙasar Zazzau

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duka sun shafi karatun masu buƙata ta musamman a nan Zariya da kewaye.

Ta farko daga wata uwa ce a Tudun Jukun, wadda ta ce 'yarta mai shekara bakwai ta daina ji tun bayan da ta yi ciwon sanƙarau. An sa ta a firamare ta unguwa, amma malamai sun ce zaman banza take yi a aji, mahaifinta kuma yana ganin gara a bar ta a gida. Tana tambaya ko akwai amfanin ci gaba da kai ta.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Kafin komai, a kai yarinyar a auna jinta a sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, domin wasu yaran akan tarar da sauran ji a kunnensu wanda na'urar ƙara ji za ta taimaka masa. Maganar malaman kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai laifin ba na ƙwaƙwalwar yarinyar ba ne. Ajin da komai da baki ake faɗarsa ba zai koyar da kurma komai ba, ko da ta shekara shida a kan bencin gaba. Abin da take buƙata shi ne malamin da ya iya maganar hannu, kuma da wuri, tun kalmomin da ta koya kafin ciwon ba su gushe mata ba. Gwamnatin Kaduna tana da makarantar ilimi na musamman a cikin garin Kaduna, a Kano kuma akwai ta Tudun Maliki. Na san rabuwa da 'yar shekara bakwai ba abu ne mai sauƙi ga uwa ba, don haka ku fara zuwa wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ku tambayi inda ake da irin wannan malami mafi kusa da ku. A sanar da maigida cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa kowane yaro a makaranta, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Ku ma mutanen gidan ku koyi maganar hannun tare da ita, in ba haka ba za ta riƙa dawowa hutu ta rasa abokin hira a ɗakin uwarta.

Wasiƙa ta biyu wani matashi makaho ne daga Kwarbai ya sa aka rubuto masa. Yana shekarar ƙarshe a sakandare, ya kuma ji cewa jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta ake yin ta, shi ne yake tambaya ko ƙofa ta rufe masa ke nan.

Ɗana, ba ta rufe ba. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola wanda ke shirya wa makafi jarrabawar a cibiyoyi na musamman, ciki har da Kano, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko wata na'urar da suka saba da ita. Inda mutane ke yin asara shi ne wajen rajista: dole ka bayyana larurarka a lokacin cike fom, domin wanda bai bayyana ba za a tura shi cibiyar kowa da kowa. Haka WAEC da NECO, ta hannun shugaban makarantarku ake sanar da su tun da wuri su tanadi takardun rubutun makafi. Wasu za su ce maka karatun koyar da naƙasassu kaɗai ya dace da kai. Fanni ne mai daraja, ana yin sa a Jami'ar Bayero da ta Jos da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, amma ba wanda ya ɗaure ka a kansa idan shari'a ko tarihi ko Larabci kake so. Shawarata ita ce ka ƙware a amfani da sandar makafi da wayar da ke karanta rubutu da murya tun kafin ka shiga, saboda ba daidai ba ne ƙanenka ya bar nasa karatun ya zama ɗan jagora.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce da shan-inna ya taɓa, wadda ke karatu a wata babbar makaranta a garin nan. Ta ce an sa darasinsu a saman bene, kullum sai ƙawaye sun ɗauke ta da kekenta.

Malama, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da na ambata ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar keken guragu, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Gyaran gini yana ɗaukar lokaci, amma sauko da aji zuwa ƙasa ba ya cin ko kwabo. Ki rubuta wa shugaban sashenku takarda, ki ba shugaban kula da harkokin ɗalibai kwafi, ki ajiye naki da hatimin karɓa a jikinsa, kuma ki yi hakan kafin a fitar da jadawalin zango mai zuwa, ki haɗa da buƙatar ɗakin kwana a ƙasa. Idan aka yi shiru, sai ki kai kwafin ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa.