Kyautar Disamba ba ta ciyar da yaro a watan Yuli

Assalamu alaikum masu sauraro. Akwai wata al'ada da manyan kamfanoni suka ɗauka, musamman a Amurka da Birtaniya, wadda ta daɗe tana ƙona mini rai. Da zarar shekara ta zo ƙarshe sai a ware rana ɗaya, a raba wa ma'aikata riguna iri ɗaya masu tambarin kamfani, a kwashe su zuwa wani ɗakin ajiya su yi 'yan awoyi suna jera gwangwanayen abinci a kwali. Mai ɗaukar hoto na biye da su. Shugaban kamfani ya riƙe wani ƙaton ceki da ya kusa kai tsawonsa, a yi murmushi, a watsa a intanet cewa ana yaƙi da yunwar yara. Washegari kowa ya koma kan teburinsa, sai kuma baɗi.

Ban raina wannan ba, kowane kwali akwai gidan da zai shiga. Tambayata ɗaya ce: ina waɗannan mutane suke a watan Yuli?

Ga miliyoyin yara, makaranta ba wurin karatu kaɗai ba ce, nan ne suke samun abincin da suke da tabbacinsa a yini. A Amurka tun 1946 Shugaba Harry Truman ya sa hannu kan dokar ciyar da ɗalibai, kuma a yau kusan yara miliyan 30 ke cin abincin rana a makaranta kullum, mafi yawansu kyauta ko a farashi mai rahusa. Sai a zo watan Yuni a rufe makarantu na tsawon mako goma ko fiye. Ku yi lissafin da kanku. Uwa mai 'ya'ya uku, kowannensu yana karyawa a makaranta yana kuma cin na rana, kwana biyar a mako. Ranar da aka ba da hutu, ci talatin ya dawo wuyanta duk mako. Albashinta bai ƙaru da ko sisi ba, ga kuma neman wanda zai kula da yaran idan ta tafi aiki. Wannan shi ne lokacin da gidan ya fi shiga matsi, kuma shi ne lokacin da masu bayarwa suka tafi nasu hutun, rumbunan abinci na agaji suna ta ƙarewa.

Duniya ta ga wannan ƙiri-ƙiri a 2020. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 370 sun rasa abincin makaranta a lokaci guda. Kowa ya ɗaga murya, aka ce bala'i ne. To, ai ƙaramin wannan bala'in yana dawowa duk shekara, a ranar da aka sani, an ma buga ta a kalandar makaranta tun farkon zango. Ba girgizar ƙasa ba ce da za a ce ta zo ba shiri.

Wani zai ce ai gwamnatin Amurka tana da shirin ciyarwa na lokacin hutu. Tana da shi, tun 1968. Amma kafin korona, cikin yaran talakawa bakwai da ke cin abincin makaranta, kusan ɗaya kaɗai yake kaiwa ga abincin hutun. Dalili? Ƙa'idar ta ce dole yaro ya je wurin da aka keɓe, a lokacin da aka tsayar, ya ci a nan, ba ya tafiya da shi gida. Galibi kuma ba a buɗe wurin sai a unguwar da aƙalla rabin yaranta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Motar makaranta ba ta yawo lokacin hutu. Uwa tana wurin aiki. Yaro ɗan shekara bakwai a ƙauye, yaya za a yi ya je? Sai a ƙarshen 2022 majalisa ta amince a riƙa ba yaran karkara su tafi da abincin gida. An shafe fiye da shekara hamsin kafin a gyara abin da kowace uwa za ta iya gaya musu a zama ɗaya.

Wannan giɓin ne ƙungiyoyin agaji ke ƙoƙarin cikewa. A jihar Arkansas a 1995, wata ma'aikaciyar jinya a makaranta ta lura yara suna zuwa mata da ciwon ciki da jiri, ta gane ba cuta ba ce, yunwa ce. Ta nemi taimakon wani rumbun abinci, aka fara sa wa yaran abinci a jakar goyo su tafi da shi gida don ranakun da babu makaranta. Yau wannan dabara ta bazu a faɗin ƙasar, har a cikin rumbuna kusan 200 da ke ƙarƙashin Feeding America, babbar ƙungiyar rumbunan abinci na agaji ta Amurka. Ku lura da abin da ya sa ta yi aiki: ana yin ta duk mako, ba sau ɗaya a shekara ba.

Nan ne maganar ma'aikata ta shigo, kuma nan ne takaicina ya fi yawa, domin hanyar tana nan, an daɗe da gina ta. A Amurka Shugaba Kennedy ya kafa wa ma'aikatan gwamnatin tarayya tsarin ba da gudummawa daga wurin aiki a 1961. Kamfanin General Electric ya fara tun 1954 abin da wasu suka kwaikwaya daga baya: ma'aikaci ya ba da dala ɗaya, kamfani ya ɗora dala ɗaya a kai. A Birtaniya tun 1987 ma'aikaci na iya sa a cire gudummawarsa daga albashi kafin a yanki haraji, ta yadda mai biyan haraji na matakin farko idan ya ba da fam 10, fam 8 ne ya fita daga aljihunsa. Kuɗin ba yawa, amma yana zuwa duk wata, a Janairu da Maris da Yuli, ba sai an buga ganga ba.

Kuma zuwan nan na duk wata shi ne komai. Mai tafiyar da shirin ciyarwa na hutun bazara ba a watan Yuni yake fara shiri ba. Tun a Fabrairu ko Maris yake yanke shawarar wurare nawa zai buɗe, direba nawa zai ɗauka, ko zai iya hayar mota mai firji, da wane dillali zai ƙulla ciniki. Idan ya san abin da zai shigo masa kowane wata, zai iya ce wa wata unguwa, muna nan tafe. Idan bai sani ba, sai ya rage wurare don kada ya yi alkawarin da zai karya. Yaran unguwar da aka cire daga jerin ba za su taɓa jin labarin ba ma. Ceki ya zo a Disamba, ya zama ihu bayan hari.

Sannan kuɗi, ba gwangwani ba. Na san mutum ya fi jin daɗin abin da ya ɗauka da hannunsa ya miƙa. Amma rumbun abinci yana saye a sari, sau da yawa ma manoma da manyan kantuna suna ba shi kaya kyauta, abin da ya rasa shi ne man mota da ɗakin sanyi da mai lodi. Gwangwanin da aka sayo ɗai-ɗai a farashin kanti, sai an zauna an tantance, an duba ranar lalacewarsa, an zubar da wanda ya lotse. Kuɗin da aka kashe a kansa da an miƙa shi kai tsaye, da ya ciyar da yara ninkin-ba-ninkin.

Yanzu ga masu cewa ciyar da yaro haƙƙin iyayensa ne, kada a koya wa mutane zaman jira. An faɗi wannan a majalisar dokokin Birtaniya a Oktoban 2020, aka kaɗa ƙuri'a 322 da 261 aka ƙi tsawaita abincin kyauta zuwa lokacin hutu. Wannan kuwa bayan ɗan ƙwallo Marcus Rashford, wanda shi kansa da abincin makaranta ya tashi, ya tilasta wa gwamnati a watan Yuni ta fitar da fam miliyan 120 don yara kimanin miliyan 1.3. Da aka ƙi, ƙananan gidajen abinci da su kansu korona ta durƙusar suka fito suka ce yaro ya zo ya ci kyauta, kuma ba a jima ba gwamnati ta sake janyewa. Su waɗannan iyayen da ake zargi, zaune suke? Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka a 2020 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manya masu aiki da ke karɓar tallafin abinci, cikakken aiki suke yi, awa 35 ko fiye a mako. Ko da ma uban ya gaza, laifin yaron mene ne? Wannan magana ba ta da tushe, mu wuce.

Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta masu cewa aikin gwamnati ne, kuma duk dalar da ma'aikaci ya bayar tana sauke wa gwamnati nauyi. A nan ina ɗan jinkirtawa, don akwai gaskiya a ciki. Ita kanta Feeding America tana faɗin cewa duk ci ɗaya da ta bayar, shirin tallafin abinci na gwamnati yana ba da tara. Babu ƙungiyar da za ta maye gurbin wannan. Amma ku dubi abin da ya faru a Amurka a 2024, da aka fara ba iyalai dala 120 kan kowane yaro don sayen abinci a hutun bazara. Gwajin da aka yi a baya ya nuna irin wannan tallafi ya rage yunwa mafi tsanani a tsakanin yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka jihohi fiye da goma suka ƙi karɓa. Gwamnar jihar Iowa, Kim Reynolds, ta kafa hujja da cewa ƙiba ta yi wa yara yawa. Ƙiba! To yaron da ke jihar da ta ƙi, ya jira zaɓe mai zuwa kafin ya ci? A matsa wa gwamnati lamba, ƙwarai kuwa, a kuma ciyar da shi kafin ta amsa.

Sai dai ina da sharaɗi ga kamfanoni, kuma ba da wasa nake ba. Kada a mayar da wannan tilas, manaja yana bin mai shara da mai gadi da takarda don sashensa ya cika kashi ɗari. Kamfanin da ma'aikatansa ke bin layin rumbun abinci bayan sun tashi aiki, ya fara duba takardar albashinsa tukuna. Ba daidai ba ne ka biya uwa abin da ba ya isarta, sannan ka nemi ta taimaka a ciyar da 'ya'yan da nata suna cikinsu. Indiya ta ga ba za a dogara da niyyar kamfani kaɗai ba, ta yi doka a 2013 cewa manyan kamfanoni su kashe kashi biyu cikin ɗari na ribarsu kan ayyukan al'umma. Wanda doka ba ta tilasta masa ba, aƙalla ya ɗora nasa a kan na ma'aikatansa duk wata, ya kuma ɗaga waya ya tambayi ƙungiyar da yake taimaka wa, a wane wata rumbunku ya fi bushewa? Amsar ba za ta zama Disamba ba.

Kai kuma ma'aikaci da ke saurarena, je ka ofishin kula da ma'aikata ka tambaya ko ana cire gudummawa daga albashi, ko kuma kamfani yana ɗora nasa a kan naka. Da yawa suna da tsarin amma ba a amfani da shi, don ba wanda ya cike takardar. Cike ta kafin Maris, lokacin da masu shirin suke zaune suna ƙidaya unguwannin da za su iya kaiwa.